Yadda Ake Haɗa Launuka a Sarƙar Duwatsun Gilashi

Duk wadda ta shiga sana'ar shirya duwatsun ado, hannunta yakan riga idonta ƙwarewa. Cikin ɗan lokaci za ta iya zura dutse, ta ɗaure ƙulli, ta sa ƙugiya tsaf. Amma sai sarƙar ta fito lami, ko kuma ta fito da hayaniya, kowane launi yana neman a kalle shi. Galibi duwatsun ba su da laifi. An zaɓe su ne ɗaya bayan ɗaya a tafin hannu, kowanne kyakkyawa shi kaɗai, ba a tambayi yadda za su zauna tare a wuyan mutum ba.

Gilashi yana da halin da zare ko fenti ba su da shi: haske yana shiga cikinsa ya fito. Don haka launin da kike gani a dutse ya dogara da abin da ke bayansa, da wanda ke gefensa, da irin hasken da ke wurin. Abubuwa uku ne ke tsayar da sarƙa: bambancin haske da duhu, yawan kowane launi, da kuma fata ko tufar da dutsen zai kwanta a kai. Idan waɗannan suka daidaita, kusan kowane launi zai zauna da ɗan'uwansa lafiya. Ga yadda ake bi, kuma za mu ɗauki sarƙa guda mu gina ta tun daga farko.

Mataki na farko: san irin gilashin da ke hannunki

Zube duwatsunki a kan farin tawul kusa da taga ko a inuwar tsakar gida, ki raba su gida biyu kafin ki yi maganar launi. Ɗaga kowanne sama wajen haske. Wanda haske ya ratsa shi, mai garau ke nan. Wanda haske bai ratsa ba, mai toshe ne. Akwai na tsakani, mai hazo-hazo, wanda haske ke shiga amma ba a ganin abin da ke bayansa. Wannan rabon ya fi rabon ja da kore muhimmanci, domin mai garau yana aro daga abin da ke bayansa, mai toshe kuwa yana riƙe launinsa duk inda aka kai shi.

Inda aka yi dutsen ma yana gaya miki abin da za ki tarar. Masu aikin gilashi na unguwar Masaga a Bida, jihar Neja, suna narka kwalabe a murhun ƙasa, su naɗe narkakken gilashin a jikin sandar ƙarfe, su fitar da duwatsu da ƙarau. Shi ya sa ake yawan ganin launukan kwalba a aikinsu: kore, ruwan zuma, shuɗi. Mutanen Krobo na gabashin Gana kuwa daka kwalbar suke yi ta zama gari, su zuba a ƙananan ramukan yumɓu, su soka tsinken ganyen rogo a tsakiya. Idan aka gasa, tsinken ya ƙone ya bar kafar zare. Dutsen Krobo yakan fito da ɗan kaushi, ba ya sheƙi sosai, launinsa a kwance yake. Kasuwar waɗannan duwatsu ta garin Koforidua a Gana tana ci ranar Alhamis. Sai duwatsun waje: masu zanen furanni na tsibirin Murano a Venis ta Italiya, masu goge-goge da ƙyalli na yankin Jablonec a ƙasar Cek, da ƙananan nan masu kai ɗaya na kamfanonin Miyuki da Toho a Japan, waɗanda suka fi dacewa da sa wa tsakanin manya.

Yana da kyau ki san daga ina launin yake zuwa, saboda kuɗinki. A gilashi na gaske, launin yana cikin jikinsa ne tun daga wuta. Sinadaran da ake sa masa ne ke ba shi launi: kobal ke ba da shuɗi mai zurfi, jan ƙarfe ya ba da shuɗi mai ratsin kore, manganis ya ba da shunayya, ƙarfe ya ba da koren kwalba. Ja da ruwan goro da rawaya masu ƙarfi daga seleniyam da kadmiyam ake samo su, ruwan hoda na asali kuma har da zinariya ake sa masa, shi ya sa yake tsada. Saboda haka da yawa daga masu arha, musamman ruwan hoda da shunayya da ruwan gwal, farin gilashi ne aka shafa wa launi ta waje. Duba bakin kafar zaren: idan kin ga launin ya ɗan ɓare a wurin, fari yana leƙowa, shafe ne. Kankare ɗaya da allura, ki goge wani da farin ƙyalle mai ruwan sabulu. Sannan ɗiga wa guda ɗaya turare ki bar shi ya kwana. Mu nan ba a fita biki ba humra, kuma turare yana cin shafe. Tsarin launin da kika ɓata yini kina yi zai rushe cikin wata guda idan ɗaya daga cikin launukan ya koɗe ya bar sauran.

Mataki na biyu: fara daga tufa

Kada ki fara da tambayar wane launi kike so. Tambayi da me za a sa sarƙar. Idan ta anko ce, nemi ƙyallen atamfar ko leshin daga wajen tela, ko da faɗin tafin hannu ne, ki tafi da shi kasuwa. Hoton waya ba ya wadatarwa, kowace waya da yadda take nuna launi.

Shimfiɗa ƙyallen ki ɗan ja da baya. Za ki ga launin da ya mamaye shi, da wanda ke bi masa, da wani ɗan ƙarami da aka yayyafa a cikin zane. Masu zana atamfa sun riga sun yi miki rabin aiki, domin sun gwada waɗannan launuka tare kafin a buga. Misalinmu: atamfa mai ƙasa shuɗi mai duhu irin na baba, da ganyaye ruwan bula, da ƙananan furanni ruwan goro. To launukan sarƙarmu ke nan, ba sai mun je neman na huɗu ba.

Sai dai a kula da abu guda. Idan sarƙar za ta kwanta a kan rigar kanta, kamar doguwar sarƙa, kada launin da ya mamaye rigar ya mamaye ta, ɓacewa za ta yi. A nan sai ki juya lissafin, ƙaramin launin atamfar ya zama babba a sarƙa. Idan kuwa gajera ce da za ta zauna a kan fata sama da wuyan riga, kina iya bin atamfar yadda take. Tamu gajera ce.

Mataki na uku: zana da'irar launuka

Ba kullum ake samun tufar da za a bi ba. Wani lokaci sarƙar sayarwa ce, ba ki san mai saye ba. A nan da'irar launuka ke taimako, kuma ba sai kin saya ba. Zana fuskar agogo a kwali. Sa ja a kan ƙarfe 12, rawaya a kan 4, shuɗi a kan 8. Tsakanin ja da rawaya, a kan 2, sa ruwan goro. Kore a kan 6, shunayya a kan 10. Maimakon fenti, manna dutse na gaske a kowane wuri, ki rataye kwalin inda kike aiki.

Hanya mafi sauƙi, wadda da wuya ta ba da kunya, ita ce ki tsaya a launi ɗaya ki yi wasa da haskensa da duhunsa: shuɗin baba, shuɗi tsaka-tsaki, ruwan bula. A irin wannan, abin da ke hana sarƙa zama lami shi ne bambancin jiki, wato ki haɗa mai garau da mai toshe, mai sheƙi da mai kaushi. Ta biyu ita ce maƙwabta, launuka biyu ko uku da ke jere a da'ira, kamar ja da ruwan goro da rawaya, ko shuɗi da kore. Suna ba da kwanciyar ido, kuma manyan mata sun fi karɓarsu.

Ta uku ita ce ta masu fuskantar juna: ja da kore, shuɗi da ruwan goro, rawaya da shunayya. Nan ne kyau yake, nan ne kuma aka fi ɓata aiki. Kowannensu yana ƙara wa abokinsa ƙarfi. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Faris, ya sha ƙorafin cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya fita baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiya lau yake, launukan da ake saƙawa a gefensa ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. Ya wallafa bayanin a 1839. Gwada da kanki: ɗauki dutse ruwan toka guda biyu iri ɗaya, sa ɗaya tsakanin jajaye, ɗaya tsakanin koraye. Na cikin ja zai ɗan yi kore-kore, na cikin kore ya ɗan yi ja-ja. Don haka idan za ki haɗa masu fuskantar juna, kada ki ba su rabo daidai, kuma zai fi kyau ɗaya ya zama mai duhu ɗaya mai haske. Ja wur da kore shar, ɗaya bayan ɗaya, iri ɗaya a girma, suna gajiyar da ido. Amma kore mai duhu da yawa, da ɗan ja mai ruwan murjani jefi-jefi, abin kallo ne.

Akwai masu haɗa ja da rawaya da shuɗi gaba ɗaya. Yana yi wa kayan yara da jigida kyau, amma ga sarƙar fita sai an raba su da fari ko baƙi da yawa.

Mataki na huɗu: gwajin haske da duhu

Wannan matakin nake roƙo kada a tsallake. Jera duwatsun da kika zaɓa a kan tawul, ki ɗauke su hoto da waya, sannan ki mayar da hoton fari da baƙi. Launi ya tafi, saura haske da duhu. Idan duk sun koma toka iri ɗaya, to daga nesa haka sarƙar za ta zama, dunƙule guda, komai bambancin launinsu a kusa. Abin da ake so a gani shi ne mataki uku: mai duhu, matsakaici, da mai haske. Ja da kore sukan faɗi wannan gwaji, haka ma shuɗi da shunayya. A misalinmu, shuɗin baba zai fito kusan baƙi, ruwan goro tsaka-tsaki, ruwan bula da haske. Sun wuce.

Idan ba su wuce ba, ba sai kin watsar da launin ba. Canja ɗaya da ɗan'uwansa mai haske ko mai duhu, ki sake ɗaukar hoto.

Mataki na biyar: ɗora a kan fata

Farin tawul yana yi wa dutse mai garau gata, domin yana mayar masa da haske. Fatarmu ba ta yin haka. Shuɗi mai garau da ya yi ta walƙiya a kan tawul, idan ya hau wuyan mace baƙa ko wankan tarwaɗa, duhu yake ƙarawa har ya kusa zama baƙi. Shunayya da kore mai duhu ma haka. Masu toshe kuwa, irin su fari, ruwan bula, rawaya, ruwan goro da murjani, fitowa suke yi sarai a kan baƙar fata. Wannan ne ya sa hotunan da ake gani a intanet, waɗanda aka ɗauka a kan farin allo, suke yaudarar masu koyo.

Zura kamar dutse 10 a ɗan zare, ki ɗora a bayan hannunki ko a wuya, ki duba madubi daga nisan taku uku. Idan masu duhun sun nutse, akwai magani iri biyu. Ko ki musanya su da masu toshe, ko ki sa ƙananan duwatsu masu haske a tsakaninsu, su zana wa kowane dutse iyaka. A sarƙarmu za mu yi amfani da shuɗin baba mai garau don ƙyallinsa, ruwan bula da ruwan goro masu toshe, sannan ƙananan farare masu ruwan madara a tsakani.

Zare ma launi ne. A cikin dutse mai garau ana ganinsa. Baƙin zare yana dusashe rawaya da ruwan hoda, farin zare yana haskaka su, jan zare a cikin gilashi fari garau yana ba shi ɗan ruwan hoda, wanda wasu ke yi da gangan. Idan ba kya son zaren ya sa baki, yi amfani da na roba marar launi, irin na kamun kifi. Ga duwatsu masu nauyi ko masu kaifin baki, kamar na Bida da na Krobo, siririyar waya mai rufin leda ta fi aminci.

Mataki na shida: raba wa kowane launi rabonsa

Ƙa'idar da masu ado suka saba da ita ita ce kashi 60 ga babban launi, 30 ga mai bi masa, 10 ga mai jan ido. Ba doka ba ce, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai dai ga mai koyo tana hana ɓarna, don haka mu lissafa da ita.

Sarƙarmu santimita 45 ce. Ƙugiya za ta ci kamar santimita 2, saura 43. Idan duwatsun milimita 8 ne, kuma bayan kowanne akwai ɗan ƙarami mai milimita 2, to kowane gurbi santimita 1 ke nan, muna da gurbi 43. Ba shuɗin baba 26, ruwan bula 12, ruwan goro 5.

Yanzu jeri. Kada ki fara daga ƙugiya, fara daga tsakiya, domin nan ido ke sauka. Sa ruwan goro guda a tsakiya, idan da wanda ya ɗan fi sauran girma ya fi. Daga damansa jera haka: bula ɗaya, baba biyu, goro ɗaya. Maimaita wannan sau ɗaya. Daga nan babu sauran goro, sai bula ɗaya baba biyu har sau huɗu, ki rufe da baba ɗaya. Dutse 21 ke nan. Yi wa hagu daidai da haka. Za ki ga duk ruwan goron ya taru a gaba, inda ake gani ko da an yafa gyale, bayan wuya kuma ya tafi shiru. Da an warwatsa guda biyar ɗin daidai wa daida har zuwa ƙeya, da biyu sun ɓuya a banza, ukun da suka rage kuma ba su isa su ja ido ba.

Duwatsun hannu ba sa zuwa kai ɗaya, wani ya fi wani kauri. Saboda haka bayan kin jera, auna da tef ɗin tela, ki ƙara ko ki rage daga wajen ƙugiya, ba daga tsakiya ba. Ware masu kama da juna a girma ki sa su suna fuskantar juna dama da hagu, ƙananan su koma baya.

Idan akwai dutse mai zane a cikin kayanki, irin mai furanni na Murano ko na Krobo mai ratsi, shi ne shugaba. Ciro launuka biyu daga cikin zanensa, ki kewaye shi da duwatsu marasa zane masu waɗannan launuka. Masu zane iri daban-daban a jere suna kashe juna.

Ga mai son launi ya sauya a hankali daga duhu zuwa haske, sirrin yana kan iyaka. Kada ki yanke daga baba ki faɗa bula kai tsaye. Sa baba uku bula ɗaya, sannan biyu da biyu, sannan baba ɗaya bula uku, kafin bula zalla. Wannan ya fi fitowa a sarƙa mai sili uku ko fiye da ƙananan duwatsu. Jigida kuwa da abin hannu na yau da kullum, ba sai an ƙirga ba: zuba cokali 6 na babban launi a kwano, 3 na biyu, 1 na uku, ki gauraya, ki riƙa zurawa yadda allura ta ɗauko. Kawai idan mai jan idon ya zo uku a jere, mayar da biyu.

Maganar ƙarfe gajera ce. Ruwan gwal yana tafiya da ja, goro, rawaya, ruwan zuma da kore. Ruwan azurfa yana tafiya da shuɗi, shunayya, toka da fari. Duk wanda kika zaɓa, ƙugiya da ƙarfen 'yan kunne su zama iri ɗaya.

Mataki na bakwai: zura na gwaji, ki kai shi haske iri-iri

Zura duka amma kada ki ɗaure. Manne bakin zaren biyu da salatef don kada su zube. Duba sarƙar da hantsi a inuwa, sannan ki duba ta da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ƙwai mai hasken rawaya yana kashe shuɗi da shunayya, ya ƙara wa ja da goro zafi. Farin ƙwai mai ƙarfi kuma yana fito da shuɗi, ya sa ja ya ɗan yi sanyi. Idan kamu ko dina za a je da ita da dare, hasken dare ne alƙali. Haka kuma lokacin saye: rumfunan tsofaffin kasuwanni irin Kurmi ta Kano ba su cika haske ba, ki nemi izinin mai kaya ki fito da silin bakin hanya ki gani da rana. Mai kayan kirki ba zai hana ba.

Bar ta ta kwana a haka. Idon da ya yini yana kallon launi ɗaya yakan gaji ya daina gani daidai. Da safe kallon farko zai gaya miki gaskiya. Idan wani abu ya tsaya miki a rai, galibi cirewa ake bukata, ba ƙari ba. Fara da zare launi ɗaya gaba ɗaya ki gani, ko ki rage mai jan ido daga biyar zuwa uku. Sai kin gamsu sannan ki matse ƙugiya.

Sayi abin da zai ishe ki a lokaci guda, har da rarar kamar dutse 10 na kowane launi, musamman idan anko ne na mutane da yawa ko za a yi da 'yan kunne da abin hannu. Gilashin da aka narka yau da na mako mai zuwa ba sa fitowa daidai, ko da mutum ɗaya ne ya yi su, domin kwalaben da wutar sun bambanta. Kowane haɗin da ya yi kyau, zura ɗan guntunsa mai tsawon yatsa, ki ɗinke a shafin littafi, ki rubuta adadin kowane launi da girmansa da inda kika saya. Idan mai saye ta zo, wannan littafin za ki buɗe mata ta ɗora guntayen a hannunta ta zaɓa. In kin miƙa mata sarƙar, gaya mata ta fara shafa mai da turare su bushe kafin ta sa, idan ta cire kuma ta goge da busasshen ƙyalle, ta ajiye ta ita kaɗai a jaka mai laushi inda rana ba ta bugu.